Tsofaffin bindigogin .22: gado, ciniki da ajiya, ga amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun taru sosai akan tsofaffin bindigogin nan masu ƙaramin harsashi, .22 da danginta, toh yau zan ɗauki waɗanda naga amsarsu zata amfani mutum fiye da ɗaya. Na sakaya sunaye kamar kullum, unguwa kawai zan faɗa, duk nan Zariya da kewaye ne. Masu turo min cewa ina zasu samu ba tare da takarda ba kuma kuyi haƙuri, wannan bana amsa shi, ba yau ba ba gobe ba.

Daga Tudun Wada: "Malam mahaifinmu ya rasu watan jiya, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da muka buɗe wadrob ɗinsa sai ga doguwar bindiga a naɗe cikin bargo, an rubuta BSA da .22 LR a jiki, tana da wani ƙarfe a ƙasa da ake dannawa. Akwai lasisi da sunansa amma an daɗe ba'a sabunta ba. Yayanmu yace a sayar a raba kuɗin, ni kuma ina so in ajiye saboda tunawa da Baba. Ya zamuyi?"

Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa, ya baku haƙurin rashi. Ɗan'uwa kafin maganar sayarwa ko ajiyewa akwai abinda ya riga su, ka tabbatar babu harsashi a cikinta. Ka juya bakinta wajen da babu kowa, buhun yashi ko ƙasa mai laushi ba siminti ba, yatsanka nesa da kunama, sai ka danna ƙarfen nan na ƙasa, zakaga wani ƙarfe a sama ya sunkuya ya buɗe ramin da harsashi ke shiga, ka haska tocila ka leƙa da idonka. Kar kowa ya ja kunama da sunan gwaji, ko da kun tabbata babu komai a ciki, zan faɗi dalili a ƙasa.

Sai maganar doka, kuma nan nake so ka natsu. Lasisin bindiga ba'a gadonsa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, akwai haramtattu irin na soja da fistol waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, nan ne bindigar farauta irin ta Baba ta faɗo, sai bindigar toka wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke bada izininta. Idan mai lasisi ya rasu kwana 14 kacal dokar ta baiwa magada su riƙe ta, ku kuma kace wata guda kenan, kaga lokaci ya riga ya wuce. Don haka kar ku ƙara jinkiri, kai da Yayanku ku ɗauki tsohon lasisin da shaidar rasuwa kuje ofishin 'yan sanda kuyi bayani, in da hali ku tafi da lauya, bindigar kuma ku barta a kulle a gida sai sun faɗa muku yadda za'a kawo ta. Kar ka saɓa ta a bayan mashin ka nufi caji ofis, a hanya wani shingen zai tsayar da kai kafin ka buɗe baki magana ta riga ta canza. In an karɓa a ajiye a ma'ajiyar makamai ku tabbatar an baku rasit mai ɗauke da lambar dake jikin ƙarfen. Sannan ka sani a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bada sabon lasisi, toh ka tambaya a hedikwatar 'yan sanda ta Kaduna halin da ake ciki kafin ka sa rai da yawa.

Ita kanta bindigar, daga yadda ka siffanta ta BSA Martini ce, mai cin harsashi ɗaya ɗaya. Kamfanin Birmingham Small Arms na Ingila aka kafa shi 1861, shine dai mai kekuna da baburan BSA da iyayenmu suka sani. Salon ƙarfen nan mai sunkuyawa daga Martini-Henry ya samo asali, bindigar da sojan Ingila suka ɗauka a 1871, daga baya aka ƙanƙanta shi don ƙaramin harsashi. Bayan yaƙin Boer, wanda Ingila tayi a Afirka ta Kudu aka gama 1902, Turawan sun ga samarinsu basu iya saiti ba, sai aka buɗe kulob kulob na koyon harbi da .22 ko'ina a ƙasar, shiyasa aka ƙera irinta da yawa kuma aka ƙera su da kyau, don gasa akayi su ba don ado ba. BSA sun cigaba da yinsu har cikin shekarun 1980. Ba mamaki ta hannun wani Baturen reluwe ko na gona ta iso hannun Baba.

Ra'ayina, in doka ta baka dama ka ajiye. A ƙiyasta kuɗinta a sa cikin gado a cire daga kasonka, kowa ya samu haƙƙinsa babu rigima da Yaya. In kuma lasisi bai samu ba kar son tunawa yasa ka ɓoye ta a silin, wallahi Baba da ya bi layi ya nemi takarda ba zai so ɗansa ya kwana a ɗaure saboda ita ba. Ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, ka haɗa da tsohon lasisin nan mai sunansa ka adana.

Daga Samaru: "Ni dattijo ne nayi ritaya ina noma wajen Shika, ina da lasisi tun da daɗewa. Abokaina biyu masu lasisi kowa na son rabuwa da tasa ta hanyar hukuma. Ɗaya Brno Model 2 ce amma duk ta koɗe itacen ya sha duka, ɗayar Winchester 67 ce tana ƙyalli an yi mata sabon fenti, kuma tafi araha. Wacce zan ɗauka?"

Baba barka da hutawa, Allah yasa albarka a gona. Sayen tsohuwar bindiga kamar sayen doki ne, ba kwalliyar sirdi ake kallo ba, haƙori da ƙafa ake dubawa. Ƙyallin nan da ya ja hankalinka ni shine ya fara bani tsoro, don mai fenti yakan rufe tsatsa da tsaga, wani ma ya goge rubutun kamfani da samfefa bai sani ba.

Ga yadda zakayi, dukkansu biyun. Bayan ka tabbatar babu harsashi ka zare sakatar, wato ƙarfen da ake ja a ɗana, ka tura tsumma mai tsabta a cikin bututun sau biyu ko uku, sai ka ɗaga ta ka kalli haske ta baya, farin bango da rana ta haska ya wadatar. Zakaga layuka sun murɗe tun daga farko har baki, sune ke juya harsashi ya tafi a miƙe, a .22 yawanci juyi ɗaya ne a kowane inci 16. So ake layukan su fito ƙarara cikin yana sheƙi. In kaga duhu da ƙananan ramuka kamar an yayyafa barkono tsatsa ta ci. In kaga wani baƙin zobe guda a tsakiya wanda tsumma bata fitar dashi, kuma da ka zo wajen sai kaji sandar gogewa ta saki ta wuce da sauƙi, toh bututun ya kumbura a nan, wani ya taɓa harbawa alhali akwai abu a maƙale a ciki. Ka shafa bayan bututun da yatsu a hankali, wani lokaci ma zakaji kumburin.

Daga nan ka dubi leɓen bakin, inda harsashi ke fita. In ya lotsa ko ya ci ta gefe ɗaya saiti ya tafi, ko da cikin yana da kyau. Sai ka dawo baya ka kalli gefen ramin da harsashi ke zama, daidai inda allura, wato siririn ƙarfen dake dukan harsashi ya tashi, ke bugawa. Wannan shine ciwon tsofaffin bindigogin nan kuma shine dalilin da nace wa ɗan'uwanmu na Tudun Wada kar a ja kunama a banza. Allurarsu gefe take duka ba tsakiya ba, in babu harsashi sai ta daki ƙarfen bututun, yau da gobe wajen ya lotsa ya turo ɗan tsini cikin ramin, sai kaga harsashi na shiga da ƙyar, kwanso na maƙalewa, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Itacen kuma ka duba wuyansa, bayan kunama inda hannu ke kamawa, nan yake tsagewa, ka ɗan murɗa shi a hankali in akwai tsaga zata buɗe baki. Koɗewa da tabon duka ba komai bane.

In dukkansu sun tsallake wannan, ni Brno zan ɗauka ko da tafi tsada. A Cekosulobakiya aka yi ta tun cikin shekarun 1950, ƙarfenta mai kyau ne, tana da magazin mai cin biyar, ita ce daga baya ta koma CZ 452, kuma maharba a ƙasashe da yawa har yau basa sakin ta. Ka duba gefen ƙarfen kusa da tambari zakaga lamba biyu, shekarar da aka gwada ta kenan. Winchester 67 ba banza bace, an yi ta daga 1934 zuwa 1963, ɗaya ɗaya take ci kuma sai ka ja wani ɗan ƙulli a baya da hannu kafin ta ɗanu, mai sauƙi ce da yaran manoman Amurka suka koyi harbi da ita. Amma akwai matsala guda da ta shafe mu a nan, yawancinsu basu da lambar kamfani sam, don sai 1968 dokar Amurka ta wajabta sa lamba a kan kowace bindiga. Lasisi kuma da lamba yake tafiya. Ka kalli takardar abokin naka ka kalli ƙarfen, in abinda ke rubuce bai yi daidai da abinda ke jiki ba ka bar ta komai arharta, kar kuma wani yace zai buga maka lamba a kasuwa. Kuɗi kuma kar su fita daga aljihunka sai hukuma ta amince da sauyin hannun a rubuce, lasisinka na tsohuwar bindigarka baya rufe sabuwa.

In an samu wajen da aka yarda ayi gwaji, ka ɗora ta kan buhun yashi ka harba biyar a takarda daga mita 25. In ramukan sun taru kuma zagayayyu ne shikenan. In kaga rami mai tsawo alamar harsashi ya shiga a kwance, bututun ya gama aiki.

Daga wani ɗalibi a Kongo: "Ina ganin ana cewa rimfaya, menene bambancinsa da sauran harsasai? Kuma ina sha'awar fara tara irin waɗannan kayan, da me zan fara? Wani abokina ya bani harsashi guda biyu na ajiye."

Ƙanena bari in fara da na ƙarshen don shi yafi gaggawa. Harsashin nan biyu ba abin ajiyewa bane, doka bata raba shi da bindiga ba, riƙe shi babu lasisi laifi ne ko guda ɗaya ne, kuma a hostel kake. Ka samu babba a gida ko lauya ya raka ka a miƙa su ga 'yan sanda, kar ka jefa a bola.

Bambancin kuma, in ka juya gindin harsashin soja ko na bindigar farauta mai katirij zakaga ɗan maɓalli a tsakiya, nan allura ke duka wuta ta tashi. Shi rimfaya bashi da wannan, gindinsa a shafe yake, maganin kunnawa an zuba shi ne a cikin lanƙwasar gefen kwanson zagaye, allura ta matse gefen sai ya kama. Wani Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ya fara shi a 1845 don harbin nishaɗi a cikin ɗaki, ko albarushi babu a ciki. A 1857 kamfanin Smith & Wesson suka fito da .22 Short, a 1887 kuma kamfanin Stevens ya fito da .22 Long Rifle, shine LR ɗin da kake gani, kuma har yau babu harsashin da ake harbawa a duniya kamarsa. A da akwai manya, bindigar Henry ta 1860 da akayi yaƙin basasar Amurka da ita .44 rimfaya take ci. Abinda ya kashe manyan shine dole gefen kwanso ya zama siriri kafin allura ta iya matse shi, siririn tagulla kuma baya ɗaukar ƙarfi mai yawa, sannan in an harba sau ɗaya ba'a sake cika shi. Sai ƙananan suka rage, su kuma suka gagara, don gasar Olamfik ta mita 50 da .22 LR akeyi.

Tarawa kuma gaskiya a ƙasar nan ba kamar Amurka bane da mutum zai jera goma a bango, kowace ɗaya da takardarta, ko bindigar iska ma doka ta sa ta cikin masu neman lasisi. Ka fara da tara ilimi, tsofaffin kataloji na BSA da Winchester suna nan a intanet, ka koyi karanta tambarin gwaji na Birmingham, ka zauna da tsofaffin maharba ka rubuta abinda suke faɗa, wannan babu mai kama ka akai kuma su dattawan nan tafiya suke da abinda suka sani.

Daga Sabon Gari: "Ina da lasisi, tawa an rubuta .22 S, L, LR. Na tarar da tsohon kwalin harsashi wasu sun yi fari fari. Zan iya amfani dasu? Kuma wane iri ya dace da tsohuwar bindiga?"

Alhaji rubutun nan na nufin tana cin Short da Long da Long Rifle, kaurinsu ɗaya tsawo ne ya bambanta. Sai dai in ka yawaita gajeren yakan bar zoben datti a cikin ramin, ranar da ka sa dogon sai ya ƙi shiga ko kwanso ya maƙale, toh ka riƙa gogewa. Wanda aka rubuta Magnum ko WMR, na 1959, dabam yake, yafi kauri, kar ka tura shi da ƙarfi, haka kuma ba'a sa LR a bindigar Magnum don kwanson na iya tsagewa.

Tsohuwar bindiga mai matsakaicin gudu take so, kan dalma mai nauyin giren 40, wato ƙasa da giram 3, wanda ke tafiya wajen mita 330 a daƙiƙa. Masu tsananin gudu sai wajajen 1930 suka fito, duk bindigar da ta girmi wannan ba don su aka yi ta ba, kuma ko a sababbi ma mai matsakaicin gudun yafi taruwa waje ɗaya, shiyasa 'yan gasa ke amfani da irinsu Eley Tenex. Ka saya wajen dila mai rajista da lasisinka a hannu, ba a bayan shago ba.

Masu farin nan dalmar ce ta ruɓe kuma man dake jikinta ya bushe, in kwanson ma ya yi kore danshi ya shiga. Ni bazan sa su ba. Haɗarin ba wai su fashe bane, su tashi da rauni ne harsashi ya tsaya a tsakiyar bututu ka bi shi da wani. Duk ranar da kaji ƙarar ta fita a shaƙe ba kamar kullum ba ka tsaya ka leƙa. In kuma ka ja ta ƙi tashi, ka barta tana kallon inda ka saita ka ƙirga talatin kafin ka buɗe. Lalatattun ka miƙa wa hukuma, in ka zuba a shara yara ne ke cinna wa bola wuta kuma 'yan jari bola na tonawa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa su.

Daga Gyallesu: "Tawa ta fara tsatsa, ina so in kai wa maƙeri ya kankare ta da injin ya fesa mata fenti, kafinta kuma ya shafa wa itacen banish ta dawo sabuwa."

Don Allah malam kar kayi, ina roƙonka. Baƙin nan mai shuɗi shuɗi dake jikin ƙarfen ba fenti bane, rini ne da akayi wa ƙarfen kansa a kamfani, in injin ya bi ta kansa ya tafi kenan tare da tambari da kaifin rubutu, wani lokaci har da lambar da lasisinka ke dogaro da ita. Bindigar da ta tsufa da mutuncinta tafi wadda aka yiwa kwaskwarima daraja nesa ba kusa ba. Sannan gyaran bindiga a wajen wanda bashi da izinin hukuma shima doka ta hana, zaka jefa maƙerin a matsala ka jefa kanka.

Tsatsar sama sama mai ja, ka ɗiga mata man keken ɗinki ka barta ta kwana, da safe ka murza da tsumma mai kauri, ka maimaita, zakaga jan yana fita a tsumman. Banda samfefa, banda buroshin waya, banda baƙin mai na mota, man gyaɗa da manja kuma daskarewa suke su yi danƙo su kama allura. Cikin bututu ta baya ake goge shi in salon bindigar ya bada dama, don sanda bata cin leɓen baki, kuma .22 bata son yawan dirza, harsashin zamani baya cin ƙarfe. Na da ne kafin wajajen 1927 maganin kunnawarsa ke barin gishiri mai jawo tsatsa, shiyasa bindigogin da suka girmi wannan shekarar da wuya ka samu mai lafiyayyen ciki. Itace kuma tsumma mai ɗan danshi, ya bushe, sai ɗigon man linsid da 'yan fenti ke sayarwa ka murza da tafin hannu.

Yanayin garin nan ka san shi. Daga Yuli zuwa Satumba danshi ne, bindigar da aka naɗe a bargo ko jakar fata ko soso tana shan ruwa tana tsatsa mai ita bai sani ba, gara ta tsaya a akwatin ƙarfe mai makulli ana duba ta duk sati biyu ana shafa mai. Da hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da mai ta zama kamar turɓaya a cikin sakata, sai a rage man, itacen ma bushewa yake ya tsage in an jingina shi inda rana ke duka. Abu ɗaya da ban cika jin ana faɗa ba shine zanzaro. Ramin .22 daidai shi ne, ya shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki cikin 'yan kwanaki, daga waje baka ganin komai. Duk bindigar da ta kwana biyu a ajiye ka leƙa cikinta kafin ka sa harsashi. Kar kuma kace zaka toshe bakin da tsumma, tsumman na riƙe danshi kuma mantawa ake.

Daga wata baiwar Allah a cikin birni: "Maigidana yana da irin wannan, yace ta tsuntsaye ce bata kisa, a bayan ƙofa yake jingine ta ga yara, wani lokaci yana harbin kurciya a kan mangwaron gidanmu. Hankalina bai kwanta ba."

Hajiya hankalinki yana kan daidai, kuma ki nuna masa wannan amsar cikin ladabi, da shi nake. Yallaɓai ƙarar ce ƙarama, bata dukan kafaɗa, shiyasa ake raina ta, amma tana kisa. Dalmar bata kai giram 3 ba amma in aka ɗaga bakin sama tana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, a jikin kwalin ma an rubuta gargaɗin. Wanda ya kuskure kurciya a kan mangwaro a cikin ganuwa, inda gida ke manne da gida ga makarantun allo ga mata a tsakar gida, ina yake tsammanin zata sauka? Kuma tana da saurin tsalle, ta daki dutse ko siminti ko fuskar ruwan kududdufi ta canza hanya. A 1981 da aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan da .22 ne, harsashin jikin motarsa ya daka ya karkato ya shige shi ta ƙarƙashin hammata har huhu, da ƙyar aka ceto shi.

Harbi a cikin gari a daina shi gaba ɗaya. A daji ma ba'a harbi sai kana ganin tudun ƙasa a bayan abinda ka saita, musamman da damina da dawa da masara suka rufe, mutum na duƙe yana noma baka ganinsa. A gida kuma ta shiga akwati a kulle babu harsashi a ciki, harsashi a wani wajen dabam da nasa makullin, in sakatar na zaruwa a zare ta. Tsarewar nan wajibi ce akan mai lasisi a doka, in ta ɓace ko aka sace dole ya sanar. Yara kuma kar a ɓoye musu magana, a faɗa musu in sun ganta ko a gidan wa kar su taɓa su kira babba.

Daga hanyar Giwa: "Saboda halin da muke ciki wani ya turo min hoton tsohuwar .22 a WhatsApp yace zai kawo min har gida, in saya don tsaron iyali?"

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ɗan'uwa, nasan ba daɗi ne yasa kake wannan tunanin ba. Amma kar ka saya. Wadda ake tallarta a waya babu takarda baka san jinin dake kanta ba, ko damfara ce a karɓi kuɗinka, ko kuma a kawo maka ita a biyo ka da kamu, hukuncin na iya kaiwa shekara goma, iyalin da kake son karewa su zauna babu kai. Ka goge lambarsa, ka haɗa kai da mai unguwa da 'yan sintirin da hukuma ta sani.

Na ƙarshe daga Hanwa, wani dattijo yace ido ya fara rauni, ko ya kai a huda BSA ɗinsa a ɗaura mata madubin saiti. Baba kar a huda, rami in an yi shi baya komawa kuma darajarta ta faɗi. Fara zuwa asibitin ido a gwada ka, don lafiyar gani na cikin sharuɗɗan lasisin ma. BSA Martini da yawa suna zuwa da saitin kamfanin Parker-Hale mai ɗan rami a baya kusa da ido, in naka yana nan ka goge shi ka gwada, leƙawa ta ƙaramin rami na taimakon idon da ya manyanta fiye da yadda ake zato. Masu Brno su da sauƙi, akwai kwarmi a saman ƙarfen da ake maƙala madubi da ƙafafunsa ba tare da an taɓa komai ba, mai ƙara girma sau huɗu ya ishi duk abinda za'ayi da .22.